Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aikin ƙirƙirarriyar basira: Misalai daga iyakar Illela

Fasahar ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta wuce matakin manhajar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kawai. Yanzu akwai manhajojin da ake aika: a ce su duba farashi, su lissafa kuɗin fito, su cike takarda ko su tura kuɗi, kuma su aikata. Irin wannan manhaja ita ake kira ɗan aiken na'ura. Ɗan aiken ba ya iya taɓa asusun banki ko rumbun bayanan wata hukuma da kansa, sai ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da aka haɗa shi da su, waɗanda masana ke kira kayan aiki. Kowane ɗaya daga cikinsu yana zuwa da ɗan rubutu mai faɗin sunansa da amfaninsa da yadda ake sarrafa shi. Wannan rubutu shi ne bayanin kayan aiki.

Muhimmancin rubutun ya samo asali ne daga cewa ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Abin da aka rubuta masa kaɗai yake karantawa, kuma a kansa yake yanke shawarar wanda zai ɗauka da abin da zai zuba a ciki. Idan bayanin ya bar giɓi, zai cike giɓin da zato. A wurin da kalma ɗaya ke da ma'ana biyu, kuɗi iri biyu ke yawo a aljihu ɗaya, kuma dokar shige da fice ke sauyawa cikin 'yan watanni, wannan zato yana iya cinye jarin ɗan kasuwa. Garin Illela da ke Jihar Sakkwato wuri ne mai wannan siffa, shi ya sa ya dace a yi awo da shi.

Yadda tsarin yake aiki

A ɗauka wani attajiri ya ɗauki sabon yaro wanda ya iya karatu da lissafi, amma bai taɓa shiga kasuwar garin ba. Ya miƙa masa takardu biyar, kowace tana bayanin ƙofa ɗaya da zai iya ƙwanƙwasawa: ta mai canji, ta mai awo, ta ofishin kwastam, ta shugaban tasha da ta banki. Duk lokacin da aka aike shi, yaron zai duba takardun, ya zaɓi ƙofa, ya faɗi buƙatarsa yadda takardar ta tsara, sannan ya dawo da amsa. Haka ɗan aiken na'ura yake.

Bayanin kayan aiki yana da sassa uku. Na farko suna. Na biyu jimlolin da ke faɗin abin da kayan aikin ke yi, da lokacin da ya kamata a ɗauke shi. Na uku jerin guraben da ake cikewa, kamar adadi da wuri da kwanan wata, tare da faɗin wanne ne tilas, wanne ne na ganin dama. Ana rubuta sashe na uku da wani tsari da ake kira JSON Schema, wanda ke fayyace ko lamba ake so a gurbin, ko rubutu, ko zaɓi daga ƙayyadadden jeri.

Tarihin al'amarin gajere ne. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI na Amurka, mai ChatGPT, ya buɗe wa masu haɗa manhaja hanyar bayyana kayan aiki ga manhajarsa. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic, mai Claude, ya fitar da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna Model Context Protocol, ko MCP a taƙaice, domin wanda ya ƙera kayan aiki ya bayyana shi sau ɗaya, 'yan aike daban-daban su iya ɗauka. A cikin 2025 OpenAI da Google suka karɓi wannan ƙa'ida. Daga nan kayan aikin suka yawaita, mafi yawansu kuma ba kamfanonin da suka ƙera 'yan aiken ne suka rubuta bayaninsu ba. Tambayar yadda za a gane bayani mai kyau daga maras kyau ta zama ta kowa.

Me ya haɗa batun da Illela

Illela ita ce hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna, a arewacin birnin Sakkwato, kan hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa ta nufi Birnin Konni da ke Jamhuriyar Nijar. Kasuwarta, wadda ke ci ranar Lahadi, ta shahara da dabbobi da hatsi da albasa, kuma mutanen ɓangarorin biyu suna magana da Hausa ɗaya. Daga Illela ne aka tsara babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry za ta tashi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024.

Aikin ofis da na kasuwa kuwa suna ta komawa cikin waya da kwamfuta. Bankin UBA ya fito da manhajar hira mai suna Leo tun 2018. Kamfanin Meta ya shigar da manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira cikin WhatsApp a Najeriya a 2024. A ƙarshen shekarar Hukumar Kwastam ta fara aiki da sabon tsarinta na intanet mai suna B'Odogwu a Legas, domin ya maye gurbin tsohon tsarin tantance kaya. Duk inda aka sami irin waɗannan ƙofofi, mataki na gaba shi ne a haɗa su da ɗan aiken na'ura. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗin manhaja, da ma'aikacin gwamnatin da zai sa hannu a kwangilar sayenta, suna buƙatar sanin abin da za su duba kafin su amince.

Ma'auni na farko: suna da manufa

Bayani mai inganci yana faɗin aiki ɗaya tak, da kalmomin da ba su karɓar fassara biyu. A duba jimlar nan: "Yana canza kuɗi." Mai karatu ba zai san ko lissafin canji kawai yake nunawa ba, ko kuwa yana cire naira daga asusu ne ya sayi sefa. Bambancin da ke tsakani shi ne bambancin tambayar farashi da ƙulla ciniki. Haka kuma idan akwai kayan aiki biyu masu kama da juna, ɗaya na duba farashin albasa a kasuwa, ɗaya na duba ƙimar da kwastam ke ɗora wa albasa wajen lissafin kuɗin fito, dole sunayensu su bambanta, kuma bayanin kowane ya ambaci ɗan'uwansa, ya faɗi lokacin da shi ne ya dace.

Kamfanonin da ke ƙera 'yan aiken sun ba da shawarwari a kan haka. Anthropic yana ba da shawarar kada bayanin ya gaza jimla uku ko huɗu. OpenAI yana ba da shawarar a gwada shi da sabon ma'aikaci: a miƙa masa rubutun kaɗai, idan ya iya aiki da shi ba tare da ya dawo da tambaya ba, to ya wadatar, idan ya dawo da tambayoyi, amsoshinsu su ne abin da ya kamata a ƙara a ciki. Kamfanin yana kuma ganin ya fi kyau kada a ɗora wa ɗan aike kayan aiki fiye da 20 a lokaci guda, domin yawan ƙofofi masu kama da juna yana ƙara yiwuwar ɓata.

Ma'auni na biyu: kuɗi da awo

Nan ne iyakar Illela ta fi koyar da darasi. A Nijar, masu magana da Hausa ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala suke ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Mutumin Konni idan ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. Idan ya ce jika ɗaya, sefa 1,000 yake nufi. A Najeriya kuwa, a tsohon lissafin da dattawa da wasu dillalan dabbobi ke tunawa, jaka ɗaya fam 100 ce, wato Naira 200. Dillalin da ya girma a kasuwar Illela yana warware wannan a ransa ba tare da ya lura ba, saboda ya san wanda ke magana da inda ya fito. Ɗan aiken na'ura da aka ba gurbi mai suna "adadi" kawai zai rubuta 100 a inda ake nufin 500, kuskuren ya ninka biyar tun kafin a fara lissafi.

Saboda haka bayani mai kyau zai ce: a rubuta adadi da sefa cikakkiya, idan mai magana ya ƙirga da dala a ninka da biyar, idan kuma ba a tabbatar da irin ƙirgar da ya yi ba a tambaye shi. Zai kuma ware gurbi na daban ga nau'in kuɗi, mai zaɓi biyu kacal, naira ko sefa, yadda ba za a bar shi babu komai ba.

Rubuta lambobi ma yana da nasa tarko. A tsarin Faransanci da ake bi a takardun Nijar, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, a tsarin Ingilishi da Najeriya ke bi kuwa waƙafi dubbai yake rabawa. Lambar 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ce a Illela, amma a takardar da aka rubuta da Faransanci tana iya zama ɗaya da rabi.

Sai kuma farashin canjin kansa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957 ce, kuma wannan ba ya motsi. Naira kuwa, bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, ta tashi daga kimanin 460 a kan dalar Amurka ɗaya zuwa kusan 1,500 a farkon 2024. Akwai farashin da bankin ke wallafawa, akwai wanda kwastam ke lissafin kuɗin fito da shi, akwai kuma na 'yan canji a bakin kasuwa. Kayan aikin da bai faɗi wanne yake bayarwa ba, da ranar da aka ɗauko shi, yana ba da lamba ce da ba a san asalinta ba.

Awon kaya ma haka yake. Mudu da tiya da kwano ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, buhun albasa kuma ba nauyinsa ɗaya da buhun gero ba. Bayanin da ya ce "farashin buhu" bai gama magana ba sai ya faɗi kilo nawa ake nufi. Wannan matsala ba ta ƙananan kasuwanni kaɗai ba ce. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lambobi da ma'aunin Ingilishi, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar su a matsayin ma'aunin mita. Abin da ya ɓace shi ne bin yarjejeniya a kan ma'auni.

Ma'auni na uku: wuri da lokaci

Illela biyu ce. Bayan ta Jihar Sakkwato, akwai wani gari mai wannan suna a Jihar Tawa ta Nijar, jihar da Birnin Konni ma yake cikinta. Kayan aikin lissafin kuɗin mota ko tazarar tafiya da ke karɓar sunan gari kaɗai yana iya tura buhunan wake zuwa Illelar da ba ita ake nufi ba. Maganin shi ne bayanin ya wajabta ambaton ƙasa da jiha.

Kwanan wata ma sai an fayyace. A Najeriya da Nijar 03/04 na nufin 3 ga Afrilu, amma a manhajojin da aka ƙera a Amurka 4 ga Maris ne. Ƙwararru sukan nemi a rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, kuma a ba da misali ɗaya a cikin bayanin.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne tsufan labari. An rufe iyakar Illela a watan Agustan 2019, aka buɗe ta a watan Disamban 2020 tare da ta Seme da Maigatari da Mfum. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, kuma a watan Maris na shekarar ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso ya sanar da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shiga ƙasashensu daga waje. Cikin shekara shida ƙa'idar ƙetare wannan iyaka ta sauya sau da dama. Kayan aikin da ke ba da labarin dokar shige da fice dole bayaninsa ya faɗi daga ina yake ɗauko labarin, sau nawa ake sabunta shi, kuma amsarsa ta zo da kwanan wata. Idan ba haka ba, ɗan aiken zai faɗi dokar bara da cikakkiyar natsuwa, kamar yau aka sa mata hannu.

Ma'auni na huɗu: iyakar aiki

Bayani mai kyau yana faɗin abin da kayan aikin ba ya yi. Misali mafi kusa shi ne lambobin kaya na kwastam. Ƙungiyar Kwastam ta Duniya tana da tsarin bai-ɗaya da aka fara aiki da shi a 1988, wanda ke ba kowane nau'in kaya lamba mai alƙaluma shida. ECOWAS ta faɗaɗa shi zuwa goma a jadawalinta na harajin bai-ɗaya da ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin 100. A wannan tsari ɗanyar albasa tana ƙarƙashin 0703.10, busasshiya tana ƙarƙashin 0712.20, irin shukarta kuma yana cikin wani babi daban. Kalmar "albasa" kaɗai ba ta isa a fitar da lamba ba.

Kayan aikin neman lamba ya kamata bayaninsa ya ce yana buƙatar sanin yanayin kayan, ɗanye ne ko busasshe ko sarrafaffe, kuma shawara yake bayarwa, hukuncin ƙarshe na jami'in kwastam ne. Ya kamata ya ƙara da cewa ba ya duba ko an haramta shigo da kayan ko fitar da su, domin wannan aikin wani kayan aikin ne. Rashin wannan jimla ɗaya yana sa ɗan aiken ya ɗauka samun lamba daidai yake da samun izini, ɗan kasuwa ya loda mota, a tsayar da ita a shinge.

Ma'auni na biyar: amsa da saƙon kuskure

Ana auna bayani da yadda ya shirya ɗan aiken ga abin da zai dawo. Idan aka nemi farashin raƙumi a kasuwar da kayan aikin ba shi da labarinta, bai kamata amsar ta zama sifili ko fili fayau ba, domin ana iya karanta sifili a matsayin farashi. Kamata ya yi ta ce babu labarin wannan kasuwa, ga jerin waɗanda ake da su. Saƙon kuskure mai amfani shi ne wanda ke faɗin abin da za a gyara.

Akwai kuma yanayin da duk mai amfani da POS ya sani: an tura kuɗi, sabis ya ɗauke, ba a san ko sun tafi ba. Bayanin kayan aikin tura kuɗi dole ya faɗi abin da za a yi a nan. Ko dai maimaita umarnin ba zai sa a biya sau biyu ba, ko kuma a hana maimaitawa sai an duba matsayin na farko. Ɗan aiken da ba a gaya wa haka ba zai sake gwadawa, da niyyar kammala aikinsa.

Ma'auni na shida: haɗari da amana

Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana sauya wani abu, ko yana aikata abin da ba ya gyaruwa. Ta kuma nemi a bar wa ɗan Adam ikon hana aikin kafin a zartar. Sai dai ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin cewa waɗannan alamomi iƙirarin marubucinsu ne, ba a dogara da su sai daga majiyar da aka amince da ita.

Gargaɗin yana da dalili. A watan Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda ɗan aiken zai karanta amma mai wayar ba zai gani ba, har aka nuna a gwaji yadda za a kwashe tsofaffin saƙonnin WhatsApp ta wannan hanya. Sun kuma nuna cewa ana iya sauya bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi. Ga ɗan kasuwar da lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa ke cikin waya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Duk bayanin da ke umartar ɗan aike ya karanta abin da bai shafi aikin ba, ko ya ɓoye wa maigidansa wani mataki, ya faɗi a awo nan take, komai kyawun tsarinsa.

Bayani biyu a kan aiki ɗaya

Ga misalin raunannen bayani: "Suna: canji. Aiki: yana canza kuɗi. Gurbi: adadi."

Ga kuma wanda aka gyara: "Suna: lissafin canjin naira da sefa. Aiki: yana nuna ƙimar wani adadi daga naira zuwa sefa ko daga sefa zuwa naira, bisa farashin da babban banki ya wallafa a ranar aiki ta ƙarshe. Lissafi kawai yake yi, ba ya taɓa asusu. Ba farashin 'yan canji ba ne, ba kuma wanda kwastam ke lissafin kuɗin fito da shi ba ne. Gurabe: adadi, da lamba tsantsa ba waƙafi, nau'in kuɗin da aka kawo, naira ko sefa, tilas ne. Idan mai magana ya ce dala ko jika, a tabbatar da nufinsa kafin a cike. Amsa tana zuwa da kwanan watan farashin."

Na biyun ya fi tsawo, amma kowace jimla a cikinsa tana toshe ƙofar kuskure ɗaya. Wannan shi ne awon tsawo: jimlar da za a cire ba tare da an buɗe wata ɓaraka ba, cire ta ya fi, domin ɗan aiken yana da iyakar rubutun da zai iya riƙewa a lokaci guda.

Yadda ake gwaji

Karanta bayani da ido mataki ne na farko kawai. Awo na gaskiya shi ne a saka ɗan aiken a aiki a ga abin da zai yi. Ana tara buƙatu irin waɗanda mutane ke kawowa da bakinsu, a rubuta amsar da ta dace da kowace, sannan a duba abu huɗu: ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ya cike guraben daidai, ya yi tambaya a inda magana ba ta fita ba, kuma ya ƙi taɓa komai a inda babu kayan aikin da ya dace da buƙatar. Wannan na ƙarshe yana cikin abin da masu bincike na Jami'ar California da ke Berkeley suke aunawa a jadawalin gwajin da suka fara wallafawa a 2024.

Gwaji sau ɗaya ba ya wadatarwa, domin ɗan aiken yana iya dacewa yau ya kuskure gobe a kan tambaya guda. A wani gwaji mai suna tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024, wanda ya kwaikwayi hidimar kanti da ta kamfanin jirgin sama, manhajojin da suka fi ƙarfi a lokacin sun kammala ƙasa da rabin ayyukan. Da aka nemi a yi aiki ɗaya daidai sau takwas a jere a ɓangaren kanti, nasarar ta sauka ƙasa da kashi 25 cikin 100. Lissafi ma yana nuna dalilin damuwa: idan kowane mataki yana dacewa sau 95 cikin 100, aikin da ke da matakai biyar zai dace sau 77 ne kacal, mai matakai goma kuma sau 60. Fitar da mota ɗaya ta iyaka yana iya ɗaukar matakan da suka kai haka.

Idan aka ga kuskure, ana sauya abu ɗaya a cikin bayanin, a sake gwajin gaba ɗaya, a kwatanta. Anthropic ya bayyana a watan Disamban 2024 cewa a wani aikin gwaji ma'aikatansa sun ɓata lokaci wajen gyaran kayan aiki fiye da wajen gyaran babban umarnin da ake ba ɗan aiken, kuma wani kuskure da ke ta maimaituwa ya kau da zarar sun wajabta rubuta cikakken adireshin fayil a gurbinsa. Ana kuma ware wasu tambayoyin da ba a yi gyara da su ba, domin a tabbatar bayanin ya inganta da gaske, ba haddace jarrabawa aka yi ba.

Batun harshe

Mafi yawan bayanan kayan aiki da Ingilishi ake rubuta su, alhali buƙatar da za ta fito daga Illela da Hausa za ta zo, sau da yawa ta saƙon murya, gauraye da kalmomin Faransanci da na Ingilishi. Rubutun Hausar ma ya ɗan bambanta tsakanin ƙasashen biyu, kuma masu rubutu a waya sukan yar da ƙugiyoyin haruffa. A Najeriya an sanar da manhajar N-ATLaS a watan Satumban 2025, wadda aka tsara domin Hausa da Yarabanci da Ibo da Ingilishin 'yan Najeriya, a Nijar kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a wannan shekara. Amma jin Hausa daban, sanin cewa ɗari a Konni sefa 500 ce daban. Gwajin da aka yi da Ingilishi kaɗai bai faɗi komai ba game da ranar Lahadi a kasuwar Illela. Dole tambayoyin gwajin su fito daga bakin dillalai da direbobi da 'yan canji, kuma wanda ya san kasuwar ya duba amsoshin.

Wa ke ɗaukar alhaki

A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta ɗora wa kamfanin Air Canada alhakin bayanin kuskure da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja, ta ƙi yarda da hujjar cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. A Najeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ke tarawa ko sarrafa bayanan mutane. A ofishin kwastam kuma, wanda sunansa ke kan takardar bayyana kaya shi ake tambaya idan lamba ko ƙima ta saɓa.

Don haka kafin ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya amince da irin wannan manhaja, yana da haƙƙin neman a nuna masa jerin kayan aikin da aka haɗa ta da su, da bayanin kowane a harshen da yake ji. Ya tambayi waɗanne ne ke iya cire kuɗi ko aika takarda, kuma ko suna neman izininsa kafin su aikata. Ya tambayi wa ke sabunta bayanin idan doka ta sauya, da ko za a sanar da shi. Ya nemi sakamakon gwajin da aka yi da Hausa, da kuma rajistar da ke nuna kowane mataki da ɗan aiken ya ɗauka da sunansa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wanda ya zaɓi aike kuwa, abin da ya rage masa shi ne ya karanta takardar da aka ba ɗan aiken kafin ya miƙa masa kuɗinsa.